Matan Fada: Yadda Su Ya Zama Biki a Argungu

Kabawa da ruwa sun daɗe tare. Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame, su da noman shinkafa a fadama su ne rayuwar mutanen wannan yanki. Sun kuma san ruwa yana da doka. Sai Sarkin Ruwa ya yi gyaran ruwa, sannan a yi fashin ruwa, a ba masunta izinin shiga. Wanda ya jefa homa kafin wannan rana ya taɓa abin da ba nasa ba.

Jihadi ya kawo wani zamani. Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawan da suka ƙi mubaya'a suka tare a Argungu, aka shafe kusan dukan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. Zuwan Turawa ya tsayar da yaƙi, amma gaba ta zauna a zukata. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su a gulbin Matan Fada. A ganina babbar hikima ce. Da an fito da dawaki da masu da takubba, da an tayar da tsohon miki. Aka nuna wa baƙo abin da gari ke ci da shi, aka kawo masa kifi. Daga nan ake ƙirga shekarun bikin.

Ranar su kuwa, wanda bai gani ba zai yi wuya ya gane. Tun da hantsi maza dubbai ke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homa biyu da ƙatuwar gora. Gorar nan ita ce jirginsa, a kanta yake kifa ciki ya yi iyo, a cikinta yake zuba abin da ya kama. Da an harba bindiga sai ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwa ya koma kawunan mutane. Makaɗa na cikin kwale-kwale suna zuga gwanaye da kirarin iyayensu. Kowa giwan ruwa yake nema. A 2005 an fito da mai kilo 75, wanda sai da ƙarti suka taru kafin a ɗora shi a sikeli. Akwai kuma kabanci, wato tseren jirage da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, abin da yaran bakin gulbi ke koya tun kafin su iya riƙe fartanya.

Daga baya gwamnati ta karɓi abin, baƙi suka riƙa zuwa hutu daga Nijar da Turai, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin da ke damuna shi ne gulbin kansa. Madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ruwan da ke malalowa fadamar Argungu, yashi kuma yana cike gurbi. A 2006 ƙarancin ruwa ya hana a yi su. Bayan 2009 biki ya tsaya cak, bai dawo ba sai 2020. Ana iya gina masaukin baƙi a shekara guda, amma giwan ruwa mai kilo 70 shekaru yake ɗauka a ruwa mai zurfi da ba a dame shi ba. Ina roƙon gwamnatin Jihar Kebbi ta yashe Matan Fada, ta nemi a riƙa sako ruwa daga madatsu a kan kari, ta kuma mara wa Sarkin Ruwa baya wajen hana su kafin ranar fashin ruwa.