Ina Hijr Take a Yau?

Ya ku ƴan'uwa masu sauraro daga Bonkuku har Filinge: cikin tafsirin wannan wata mun ji sunan Hijr, mazaunin Samudawa, har wasunmu suka ɗauke shi tamkar garin tatsuniya. To, wurin yana nan. Yau ana kiransa Mada'in Salih, a arewa maso yammacin Saudiyya kusa da Al-Ula, bisa tsohuwar hanyar fatake tsakanin Madina da Sham. A 2008 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Masu binciken kufai sun nuna cewa kaburbura fiye da 100 da aka sassaƙa cikin duwatsunsa aikin Nabatawa ne, mutanen da suka zauna wurin bayan Samudawa, don haka kada mu cakuɗa al'ummun biyu.

A shekara ta 9 bayan Hijira, kan hanyar Tabuka, Annabi (SAW) ya ratsa wurin. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya, ya umarci sahabbai su zubar da ruwan da suka ɗebo, su sha daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha kaɗai.

Mu mazauna Dallol Bosso, kwarin tsohon kogin da ya ƙafe, mun san ƙasa tana sauya kamanni, sunaye ma haka. Duk alhajinmu da Allah ya kai shi can, ya shiga da tsoron Allah, kada ya mai da kufan waɗanda aka halaka wurin shaƙatawa. Allah ya sa mu cikin masu wa'aztuwa, amin.