Mizanin Zinariya a Damagaram

Kalmar mizani, wadda malamai suka karɓo daga Larabci suna ambatonta wajen awon ayyukan bayi ranar Alƙiyama, ita ce fatake suka ɗora wa ɗan ma'aunin nan mai farantan tagulla biyu rataye da zare, wanda tafin hannu ke rufewa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, sa'ad da ayarin Gadamisawa ke sauka Damagaram, gero sai tiya, wuri sai ƙirge, kanwar ƙasar Gure kuwa sai kayan raƙumi. Amma zinariya, saboda darajarta, ba ta da alƙali sai mizani, awonta miskali, giram 4 da ɗoriya, wanda fiƙihu ya yanke nisabin zakkarta da 20 ɗinsa.