Yadda ake alƙalancin kayan sana'ar hannu a nunin amfanin gona

Tun zamanin En'e ake shirya nunin amfanin gona a garuruwan Arewa. Manoma su kawo damin dawa da gero, makiyaya su koro shanu, a gefe kuma a shimfiɗa tabarmi, fayafai, ƙore, tukwane da kayan saƙa, alƙalai su zagaya su fitar da gwani. Al'adar daga Ingila Turawa suka zo da ita, inda babbar ƙungiyar manoman ƙasar ta yi nuninta na farko a 1839. A nan gida, bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, shi ma ana haɗa shi da nunin amfanin gona. Ga mutanen Malali kuwa, mafi kusa shi ne baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna da ake yi a Rigachikun, kan hanyar Zariya, wanda aka fara sama da shekara 40 da suka wuce. Can ciniki ya fi ƙarfi, amma idon babban ɗan kasuwa da na alƙali abu ɗaya suke nema.

Abin da ƙungiyoyi da yawa ba su gane ba shi ne, alƙali amfani yake fara dubawa, ado daga baya. Tukunya mai zane kamar na amarya, in tana yoyo, ta faɗi.

Shi ya sa tukwane suka fi cin lokaci. Alƙali zai ɗaga tukunya ya ƙwanƙwasa da yatsa. In ta yi ƙara tas, ta gasu. In ƙarar ta fito a dushe, ko dai wuta ba ta ishe ta ba, ko akwai tsagar da ido bai gani. Zai shafa ciki ya ji ko kaurin ya zo daidai daga gindi zuwa baki, ya ajiye ta ya ga ko tana zama. Randa da tulu sai an zuba ruwa: ɗan gumi a jiki ba laifi ba ne, shi ke sanyaya ruwan, amma ɗiga laifi ne. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu take gina tukwanenta irin na Gwari, kuma daidaiton ginin ne ya sa zanen ƙadangare da kifin da ke jiki ya zauna.

Tabarma da faifai, juya su ake yi. Bayan ne ke tona asirin mai saƙa: inda aka ƙara kaba, inda aka ɓoye bakin zare, da yadda aka kashe gefe. Zanen saƙi a ɗaga shi ga rana, a ga ko ƙwaryoyin sun zo faɗi ɗaya. Na rini kuma a goga masa farin ƙyalle mai laima. Fata, hanci ke yanke hukunci, don wadda jima bai kama ba tana wari, tana kuma tsagewa in an lanƙwasa. Ƙwarya ana duba ramin ƙwaro da ɗinkin da aka rufe da sassaƙa. Turmi kuwa a tambayi icen; na ƙirya ba ya da na biyu wajen ƙarko.

Inda aka tsara abu da kyau, lamba ake maƙala wa kaya maimakon suna, kuma ba a gwada randa da kwando, kowane da ajinsa. Wannan ya kamata shugabannin ƙungiya su tambaya tun kafin su biya kuɗin rumfa, don yawancin rigimar bayan gasa daga nan take tasowa.

In ƙungiyarku za ta kai kaya, ku fara yin naku alƙalancin a gida, sati biyu kafin ranar. Ku kira wata tsohuwa da ta san sana'ar, wadda ba ta jin nauyin kowa, ta ware. Guda uku masu kyau sun fi ashirin gauraye. Kada a shafa wa ƙwarya ko turmi mai don su yi ƙyalli, alƙali zai ɗauka aibi ake ɓoyewa. Tukwane kuma a jera su cikin ƙaiƙayi ko tattaka, baki a ƙasa, a tafi da ɗaya ta ajiya.