Matafiyin Langevin da gardamar lokaci, 1911 zuwa 1971

A cikin wannan ƴar takarda za mu bi diddigin wata gardama da ta soma a Turai, wadda ba masana kimiyya kaɗai ta shafa ba.

Tun shekarar 1905 Einstein ya nuna cewa agogon da ke tafiya yana jinkiri bisa ga na wanda yake zaune, kuma ko an ɗora gudu bisa gudu ba za a zarce na haske ba, watau kusan kilomita 300.000 a daƙiƙa. Maganar ba ta fita daga hannun masana ba sai a 1911, lokacin da Paul Langevin ya ba ta siffar mutum a taron falsafa na Bologna, ƙasar Italiya. Ya misalta matafiyi mai gudun da ya kasa na haske da kashi ɗaya cikin 20.000. In ya je ya komo, shekara 2 ya yi, amma duniya ta yi 200.

Henri Bergson bai yarda ba. Ran 6 ga watan Afrilu 1922 suka gamu da Einstein a ƙungiyar masana falsafa ta Faransa, a birnin Paris. A wurin Bergson, jinkirin nan na lissafi ne kawai, ba lokacin da rai ke sha ba. Matafiyin da na gida tare za su tsufa. Sunansa na da nauyi ƙwarai a zamanin, har Arrhenius ya ambaci sukarsa a jawabin ba Einstein kyautar Nobel cikin Disamba na shekarar. A ganinmu tambayar Bergson a kan lokacin da mutum ke ji tana nan da darajarta, amma a kan agogo ya kuskure.

Awo ne ya raba gardamar. Ƙwayar da ake kira muon tana samuwa can sama, wajen kilomita 15, kuma rayuwarta kashi 2,2 cikin miliyan na daƙiƙa ce. Ba don jinkirin ba, yawancinsu da ba su wuce mita 660 ba, ga shi kuwa suna isowa ƙasa da yawa. Rossi da Hall suka auna wannan a duwatsun Kolorado, Amurka, suka buga a 1941, shekarar da Bergson ya rasu. A 1971 Hafele da Keating suka zagaya duniya a jirgin fasinja da agogunan siziyom. Ta gabas agogunan suka rasa kashi 59 cikin biliyan na daƙiƙa, ta yamma suka ƙara 273, daidai da lissafi in an haɗa tasirin gudu da na jawowar ƙasa.