Gwandu, Babban Birnin da Bai Samu Babban Titi Ba

Idan aka ce babban titin birni, hankali kan tafi Shanzelize na Paris, ko kuwa titin Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, inda bankuna da kantuna da gidajen abinci suka jeru. Gwandu, wadda ikonta ya taɓa kaiwa Nufe da Ilori har Liptako, ba ta da irin wannan titi, kuma dalilin yana cikin tarihinta.

Da Shehu Usmanu ya raba ragamar daula a 1812, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Abdullahi. Garin da ya zama cibiyar wannan ɓangare na malamai ne, darajarsa tana zaure da masallaci. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya tarar da kasuwa maras armashi. Ayaba da manyan albasa ne suka burge shi. Amma a garin nan ne ya samu kwafin Tarikh al-Sudan, ya duƙufa yana kwafar abin da ya iya. A ganina wannan ya isa bayanin Gwandu: littafi ya fi haja yawa.

Akwai kuma yaƙi. Tun 1849 Kabawa suka yi tawaye ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyoyi suka zama na fargaba, fatake kuwa ba sa sauke kaya inda ba aminci. Daga baya fada ta koma Ambursa, a zamanin Turawa ta zarce Birnin Kebbi, sarautar kawai ta riƙe sunan Gwandu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kwalta mai faɗi da benaye na siminti suka bi gwamnati can. Gwandu ta tsira da hubbaren Abdullahi da masu ziyara.

Kalgo ce ta ci ribar hanya. Nan titin Jega zuwa Birnin Kebbi ya haɗu da na Bunza da Kamba, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 a gefenta. Shaguna masu rufin kwano, masu shayi da masu tsire sun kama bakin kwalta ba tare da wani ya zana musu taswira ba, cinikinsu kuwa yana hawa da sauka ne da zangon karatun ɗalibai da motocin da ke nufar iyakar Nijar da Benin.