2.3 Asalin Matsalar Ƙididdigar Kasuwanci a Kano

Wannan sashe zai yi nazarin dalilan da suka sa tattara bayanai daga 'yan kasuwar Kano ya kasance jan aiki tun zamanin mulkin mallaka.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a shekarar 1903, sai suka shiga ƙirga gidaje da gonaki da shanu da masu sana'a ta hannun hakimai da dagatai. Manufar wannan ƙirge kuwa ita ce a san abin da za a yanka wa kowa na haraji da jangali. Saboda haka talaka ya fahimci cewa duk wanda ya zo da takarda da alƙalami yana tambayar abin da ya mallaka, to mai karɓar haraji yana biye da shi. Manomi kan rage yawan damman da ya samu, makiyayi kan ɓoye shanu a daji, marini kuma ya yi kukan rashin ciniki. Ko da yake gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, wannan tsoro bai gushe daga zukatan jama'a ba.

Bugu da ƙari, tsarin kasuwar ma kansa bai dace da takardar tambayoyin ma'aikatan ƙididdiga ba. A kasuwanni irin su Kurmi da Kantin Kwari, hulɗa tsakanin uban gida da yaransa da dillali da fatoma ta ginu ne a kan amana, galibi ba tare da rasit ba. Kuɗin cefane da jarin shago sukan fito daga aljihu guda, don haka tambayar ribar shekara ba ta da takamaimiyar amsa. Haka nan matan da ke sana'a a cikin gida, kamar masu ƙuli-ƙuli da fura, ma'aikaci namiji ba ya iya kaiwa gare su. Irin waɗannan harkoki ne masanin nan Keith Hart ya jawo hankali a kansu a 1973, bayan binciken da ya yi a birnin Akara na ƙasar Gana.

Illar wannan giɓi ta fito fili a 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take gina lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010. Nan take ƙimar tattalin arzikin Nijeriya na 2013 ta ƙaru da kusan kashi 89 cikin ɗari, ta kai kimanin dala biliyan 510. Ke nan an daɗe ana tsara manufofi bisa alƙaluman da ba su cika ba.

A taƙaice, muddin ɗan kasuwa bai gamsu cewa amsarsa ba za ta dawo masa a matsayin takardar haraji ba, to abin da zai faɗa wa mai ƙididdiga ba zai wuce wanda kakansa ya faɗa wa dagaci ba.