Daga "Layinmu" Zuwa "Antenarsu": Tarihin Masu Aikin Waya a Nijar

Hutun da ya wuce na je gida Maraɗi, na tarar da gardama ta kaure a zauren kawuna tsakaninsa da ɗansa, wato taubashina. Kawu tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya tsufa yana hawan poto. Ɗan nasa kuma yana aiki wurin wani ɗan kwangila mai kula da antenonin salula: su ke kai gazuwal, su canza batir, su hau ƙarfe in wani abu ya lalace. Wata uku ke nan ba a biya shi ba. Ni da nake karatun ilimin harshe, wani ɗan ƙaramin abu ne ya tsaya mini a kunne. Duk sanda Kawu ya buɗe baki sai ya ce "layinmu". Taubashina kuwa "antenarsu" yake cewa. Aiki iri ɗaya, gida ɗaya, amma ɗaya na cewa -mu, ɗaya na cewa -su. Shi ya sa na bi tarihin abin, don in ga inda -mu ta koma -su.

Farkon wayar ma ba tamu ba ce. Faransawa ne suka ja layin tangaraho don umarnin mulki ya riƙa isa bariki da sauri, tun Damagaram tana babban birni, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Bature bai ɗauki turke a kansa ba. Yakan faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa mai gari, mai gari ya fiddo talakawa su yi aikin dole, ba ko sisi. Sai a 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Ku riƙe wannan tsari na mai ba da umarni a sama, mai zufa a ƙasa, da mutane a jere tsakaninsu, don za mu sake gamuwa da shi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, waya da wasiƙa suka zama aikin gwamnati a ƙarƙashin ofishin OPT. Wannan shi ne zamanin Kawu. Ofis ke ɗaukar mutum, ya koya masa aiki, ya ba shi kayan aiki da albashin wata, in ya tsufa ya ci fansho. Ƙungiya guda ce ke kafa layi, ita ce kuma ke gyara shi shekara da shekaru. Kawu ya ce mini: "Ɗana, mu munka kafa shi, mu ka gyara shi. In waya ta katse da damina, tun kafin mu tashi mun san kwarin da ruwa ya ci." Wannan sani ba a takarda yake ba, a kan mutane yake, sabo ya koya daga tsoho.

Amma kada daɗin bakin tsoho ya ɗauke mu. Wajen shekarar 2000, layukan tarho na gida da ofis a duk faɗin Nijar ba su wuce kimanin 20,000 ba, ga mutane sama da miliyan 10. Akasarinsu kuma a Yamai suke da manyan garuruwa. Layin nasu ne da gaske, sai dai bai kai ƙauyen kakata ba.

Daga nan sauye-sauye suka zo a jere. A 1997 aka raba wasiƙa da waya, aka kafa SONITEL. A ƙarshen 2001 aka sayar da kashi 51 cikin 100 na kamfanin ga haɗin gwiwar ZTE na ƙasar Sin da LAAICO na Libiya. Cinikin bai yi albarka ba, har a 2012 majalisar dokoki ta mai da shi hannun gwamnati, sannan a 2016 aka haɗe shi da SahelCom aka samu Niger Telecom. A gefe guda kuma salula ta shigo. Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya zo a 2008, ya sayar da reshensa a 2019, aka samu Zamani.

Waɗannan kamfanoni sauri suke so. Mai son kafa ɗaruruwan antenoni cikin ƴan shekaru ba zai tsaya horar da ma'aikatan dindindin ba, waɗanda zai ci gaba da biya bayan an gama gini. Sai ya ba da kwangila. Kamfanin Bharti, uwar Airtel, ya yi suna da wannan dabara tun a Indiya: a 2004 ya miƙa kula da rezo ga Ericsson da Nokia, aikin kwamfuta kuma ga IBM, shi ya riƙe suna da ciniki. Daga 2014 Airtel ya shiga sayar da antenoninsa na Afirka, yana hayar wuri a kansu. Na Nijar suka koma hannun Eaton Towers, wanda shi ma kamfanin American Tower na Amurka ya saye a ƙarshen 2019. Ke nan sunan da ke bisa katin da ka saya daban, mai ƙarfen daban, mai gyaransa kuma daban.

A faɗi gaskiya, tsarin ya yi aiki. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwar Tasawa ya iya jin kuɗin tiyar hatsi a Damagaram ba tare da ya hau mota ba. Abin da ma'aikatan gida ba su kai ga yi ba cikin shekara 40, an yi shi cikin shekara goma. Akwai kuma ƴan ƙasa da suka kafa ƙananan kamfanoni da irin wannan kwangila, suna ci da iyali da yawa.

To, ina matsalar? Na tambayi taubashina wa ke riƙe da kuɗinsa, tun da shi ke bi bashi. Ya yi dariya ya ce: "Kai ɗan boko, maigidana ya ce ba a biya shi ba, wanda ya ba shi aikin shi ma ya ce jira yake." Ba zan kama sunan kowa ba, don abin ya fi ƙarfin kamfani guda. Kowane hannu da kwangila ta bi sai ya yanki rabonsa, abin da ya rage shi ke isa ga mai hawa ƙarfe. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba a zuba masa kuɗin fansho, igiyar da yake ɗaurawa a ƙugu ma da kuɗinsa ya saya. In ya faɗo, wa za a kama? Abu na biyu shi ne sani. Kwangila takan ƙare, a ba wanda ya fi araha, sababbin mutane su zo su fara lalube. Wanda ya san injin da ke zafi da bazara ya riga ya koma kabu-kabu. Mu kuma sai mu ce "rezo ya ɗauke", kamar iska ce ta tafi da shi.

Kalmomin ma sun ba da shaida. Waya, kwangila da lebura daga Ingilishi suka shigo mana ta Nijeriya. Rezo, poto da gazuwal daga Faransanci. Duk baƙi ne, mun hausantar da su ba wahala. Abin da ba a arowa shi ne ɗan harafin nan na mallaka da ke liƙe a ƙarshen kalma. Mutum ba ya ce wa abu "namu" sai in yana da tabbacin gobe ma yana wurin.

Ba ina cewa a koma zamanin OPT ba, kuma ba ina cewa kwangila aikin dole ce ba. Taubashina da ƙafarsa ya je, kuma ana biyansa in an ga dama. Amma jerin hannuwan nan ya yi kama da wancan na farko ta fuska ɗaya: na sama ba ya ganin na ƙasa. A ganina, aikin da ake yi sau ɗaya a gama, kamar haƙa ramin waya ko kafa ƙarfe, ana iya ba da shi kwangila. Aikin kula na kullum kuwa yana son mutanen da za su daɗe. In ma an ba da shi, to doka ta ɗora wa mai antenar alhakin albashi da lafiyar duk wanda ya hau ta, ko ta hannu nawa aikin ya bi.

Ƴan'uwa ɗalibai, da yawanmu irin wannan aiki ke jiranmu bayan jami'a, kan ƙarfe ko cikin ofis. Kafin ka sa hannu, tambayi wa zai biya ka, wa kuma zai ɗauke ka in ka ji rauni. Ranar da zan koma makaranta, taubashina ya raka ni tasha da igiyarsa a kafaɗa. An kira shi wata antena ta mutu a hanyar Dakoro, kuma har ranar ba a biya shi ba.